Damina Ta Same Ni a Kwance a Jos

Kada a tambaye ni yadda na bar gida. Kowa ya san yadda ake barin gida a shekarar fara: a ja ƙyauren rumbun da babu ko zangarniya a cikinsa, a kai jikoki gidan maƙwabta, a hau mota. Abin da nake so a rubuta shi ne abin da ya same ni a Jos, kuma a rubuta shi yadda na faɗa, kada a sa masa zuma. Ni ce Hannatu matar marigayi Bulus, daga wani ƙauye arewa da Maraɗi. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa kayar da ni a magana ba.

Abu ɗaya za a riƙe kafin mu shiga garin, shi ne gona. Mijina ya rasu, ɗanmu ya bi shi, aka bar ni da jikoki biyu da gona guda ta jigawa. Ƙanen mijina, Tanko, ya so ya haɗa ta da tasa. Dattawa suka zauna suka yanke cewa muddin ina shuka ta kowace damina, tawa ce da jikokina. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya tarar ba ni nan, Tanko ya shuka. A wurinmu kuwa, gonar da wani ya shuka har ya girbe, sai dai a ba jikokinka labarinta. To fara ta cinye geron wannan shekarar, yunwa ta sa muka cinye irin da muka ɓoye. Shi ya fitar da ni: in yi aikin rani, in sayo iri, in koma kafin ruwa.

Na sauka a tashar Jos da zane biyu da mayafi ɗaya, sanyin garin ya tarbe ni kamar na ci masa bashi tun kakanni. Sunan mutum ɗaya nake riƙe da shi, Rifkatu, 'yar ƙanwata, wadda aka ce tana aure a Daɗin Kowa, mijinta ma'aikacin gwamnati. Wani ɗan acaɓa ya ce ya san gidan kamar gidan ubansa. Ya yi ta zagaye da ni, muka wuce wata bishiyar mangwaro har na gane ta, muka sake wuce ta. Na daki bayansa na ce, “Kai, wannan mangwaron surukarka ce da muke ta gaishe ta?” Sannan ya tsaya ya yi tambaya.

Gidan yana da ƙofar ƙarfe. Na yi sallama har muryata ta dushe, wani mutum ya leƙo ta wata 'yar kafa, bai buɗe ba. Ya dubi mayafina, ya dubi zanen fuskata.

“Sun tashi,” in ji shi. “Tun bayan rikici.”

“Ina suka koma, ɗana?”

“Ban sani ba, Mama.”

Ya rufe kafar. Ko ruwa. A garinmu ko ɓarawo aka kama da tsakar rana, sai an ba shi ruwa ya sha kafin a ɗaure shi. Sunan unguwar dai Daɗin Kowa, amma ni ban ga nawa ba. Na koma tasha, masu tuwo suka bar ni ina kwana a bayan rumfarsu ina wanke musu kwanuka.

Ranar Lahadi na ce bari in je gidan Ubana, can dai ba za a leƙo ni ta kafa ba. Na bi ƙarar ganga har na iske wata babbar coci. A ƙofar akwai maza masu gadi suna bincika jakar kowa. Na gane dalili, an yi tashin hankali a garin, mutane sun ga abin da ido bai so. Na miƙa ƙunshina, suka duba. Sai na gaishe su, kuma gaisuwar ce ta jawo mini. Da suka ji Hausata, babbansu ya tare hanya.

“Mama, kin ɓata hanya ne? Masallaci yana can gaba.”

“Na ga masallacin, na wuce shi. Nan na zo.”

“Ke Bahaushiya ce?”

“Kaka da kakanni.”

“To Bahaushiya me za ta yi a coci?”

Na aje ƙunshina a ƙasa don in ji daɗin ba shi amsa. Na ce, “Ubana ya sha jifa a kasuwar garinmu saboda sunan Yesu tun uwarka ba ta iya ɗaura zane ba. An hana mu ɗiban ruwa a rijiya saboda wannan sunan. Yau kai ne za ka tambaye ni me na zo yi?”

Ya ce to in faɗi addu'ar Ubangiji su ji. Na ce ba na yi wa mai gadi addu'a, mai gidan nake yi wa, ya matsa in shiga in gan shi. Mutane suka fara taruwa. Sai wata mata gajeriya mai faɗin kafaɗa ta ratso tana dariya har da riƙe ciki.

“Ku bar Mama ya shiga,” in ji ta. “Mai wannan bakin ba ya bukatar makami.”

Ita ce Ngo Kaneng, 'yar ƙabilar Birom, mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Hausarta ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinta, har ni da na haifi shida na binne biyar. Na gyara mata har na gaji. Bayan sujada ta tambaye ni inda nake kwana, da na faɗa mata ta ɗauki ƙunshina ta ɗora a kanta, ba ta nemi shawarata ba. Ɗakinta ciki ɗaya ne, rufin kwano, gado ɗaya. Ta ba ni gadon, ita ta shimfiɗa buhuna.

Ita ce ta kai ni Farin Gada. Ban taɓa ganin abinci yana ruɓewa a tsibi ba sai a wannan kasuwa. Manyan motoci suna sauke kayan gwari, 'yan dako suna gudu da kwanduna suna zagin wanda ya tare musu hanya, tumatir yana narkewa a ƙarƙashin ƙafa, a lokacin da jikokina suke cin tafasa da dusa. Ranar farko na tsaya ina kallon wannan tsibin, na ce a raina, Ubangiji, rabonka ba ya tafiya daidai, kuma na faɗa maka a fuskarka.

Kaneng ta haɗa ni da wani Alhaji Sale mai albasa, wanda kakansa ya zo garin tun zamanin haƙar kuza. Aikina in zauna a gaban tsibin albasa in ware ruɓaɓɓiya daga mai kyau. Ni da ake yi wa gayya a gona, mutum ashirin su fito da hauya don sunan mijina, ga ni ina tsintar ruɓaɓɓiyar albasa hawaye yana zuba ba don kuka ba. Alhajin kuma bai da aiki sai tsokana.

“Inna Bahaushiya mai zuwa coci. Yaushe za ki dawo gida ne?”

“Ranar da ka daina jera manyan albasa a bakin buhu kana ɓoye ƙanana a gindi.”

“Wannan ai ado ne, Inna.”

“To ni ma cocin ado ne, ka bar ni da kayana.”

Yakan yi dariya ya sa a kawo mini shayi. Ban taɓa ce masa na gode da baki ba, amma albasarsa ba ta taɓa tafiya da ruɓaɓɓiya ko ɗaya ba.

Duk abin da na samu, gero nake saye. Ba dauron da suke nomawa a nan ba, wanda yake shan ruwa wata da watanni kafin ya nuna. Geron arewa nake nema wurin masu kawo hatsi, in tauna in ji, in auna mudu, in kai ɗaki in juye a buhu, in barbaɗa toka saboda ƙwari. Ban taɓa dafa ko tafi ɗaya ba. Gwate na ci, da acca, da ganyayen da a garinmu akuya ake ba. Wata rana ƙanshin geron nan yakan tashi daga ƙarƙashin gado, in ji kamar ina tsakar gidana ana daka, ƙaramar jikata tana jiran gayan fura a bakin turmi. Sai in juya in fuskanci bango.

Ista ta wuce ba da daɗewa ba, buhu ya kusa cika. Lissafina shi ne da sauran lokaci, domin a garinmu bayan Ista zafi ne kawai, zafin da kaza take buɗe baki. Sai wata rana da azahar sama ta haɗe a kan duwatsun nan nasu, iska ta kwashe rumfuna, ruwa ya tsuge har da ƙanƙara. Ba yayyafi ba, ruwan shuka, irin wanda in ka tona ƙasa da hannu za ka iske laima har gwiwar hannu. Mutanen kasuwa suna ta rufe kaya da leda, babu wanda ya damu. Ni kuwa abin da na gani shi ne Tanko da sungumi a kafaɗa.

Kada wani ya yi mini dariya. Ban taɓa wuce Maraɗi ba kafin wannan tafiya. Na ji ana cewa a kurmi ruwa ba ya ɗaukewa, amma Jos ba kurmi ba ce a wurina, gari ne da ake Hausa ana cin tuwo. Na ɗauka damina ce ta yi sammako a wannan shekara, kuma in ta sauka, ta sauka wa kowa. Na watsar da albasa na zabura zan je in ɗauki buhuna in kama tasha. Ban yi nisa ba ƙafata ta hau kan tumatir ɗin nan da ya narke cikin laka. Na ji ƙarar da kunnena kafin in ji zafin.

Alhaji Sale ne ya sa aka ɗora ni a bayan a-kori-kurarsa, ya bar kayansa a cikin ruwa. Kaneng ta riƙe kaina. Alhajin ya ce asibiti za su ɗaure ni da siminti su aje ni, shi ya san wani mahauci a Abbatuwa, Malam Audu, wanda ya gaji ɗori wurin ubansa. Muka iske shi hannunsa da jinin saniya. Ya wanke, ya shafa ƙafar sau ɗaya, ya ce ƙashi ya rabu a saman idon sawu. Maza biyu suka danne ni, ya ja. Abin da na faɗa a wannan lokacin ba na coci ba ne, kada a rubuta.

Da ya gama jera karare ya naɗe da tsumma, sai ya sa aka kamo wata kaza, ya karya mata ƙafa a gabana, ya ɗaure ta ita ma.

Na ce, “Malam, ni Kirista ce, ba na tsafi.”

Ya ce, “Ba tsafi ba ne, Inna, agogo ce. Masu karaya ba sa jin magana, amma suna ganin kaza. Ranar da ta taka ƙafar nan, kin yi rabi. Kafin nan ko ɗan yatsa kika sa a ƙasa, babu ruwana.”

“Ina da gona.”

“Ƙashi bai san gona ba.”

Haka aka mayar da ni ɗakin Kaneng, ni da kaza, aka ɗaure ta a ƙafar gado. Daga ranar kuwa sama ta buɗe. Wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin rufin kwano a daminar Jos ba, bai san abin da nake faɗa ba. Kullum da rana hadari zai taso, ruwa ya yi ta dukan kwanon nan kamar ana sussuka a kaina. Ni manomiya ce, jikina yana ƙirga ruwa ko ban so ba. Wannan na shuka ne. Wannan ya fito da tsiro. Wannan na noman fari ne, yanzu Tanko yana cikin gonata ya tuɓe riga. Ga iri a ƙarƙashin gadona, ina jin ƙanshinsa, ba ni da ƙafar kai shi.

Matan zumunta na cocin suka zo duba ni da anko, suka cika ɗakin, suka yi waƙa da tafi. Shugabarsu, mace mai ƙiba da zoben zinariya, ta dafa ni.

“Mama, ki yi haƙuri. Allah yana da lokacinsa, ba ya makara.”

Na ce, “Kin taɓa shuka gero?”

“A'a, Mama, ni malamar makaranta ce.”

“To gero yana da nasa lokacin, kuma shi ba ya jiran kowa. Albashinki yana zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ki ba ni haƙurin da kika saya da yunwa, in karɓa. Wannan na bakin leɓe ki mayar da shi jaka.”

Suka aje lemo da burodi suka fita. Kaneng ta ce na kunyata ta. Na ce ta kai ni ƙara. Ba wai ban yarda da maganar ba ce, tun ina yarinya nake jin ta. Bakin da ta fito ne ya ƙona ni. Shi kuwa mai lokacin, ban ɓoye masa komai ba. Ina kwance nake gaya masa: Na bi ka tun ana jifar mu. Ka ɗauki mijina ban ce uffan ba, ka ɗauki 'ya'yana na yi waƙa a bakin kabari. Gona ɗaya ta marayu, ita ma sai ka miƙa wa Tanko? Kuma ka rasa abin da za ka kayar da ni da shi sai ruɓaɓɓen tumatir?

Kaneng ta kai wa Alhaji Sale labarin abin da yake cin raina. Sai ga shi da wani dogon mutum, Ɗan'asabe, direban babbar motar da take kawo masa albasa daga wajen iyaka. Suka tsaya daga bakin ƙofa.

Ɗan'asabe ya ce, “Inna, shekaranjiya na baro wajenku. Ko ɗigo bai sauka ba. Rana ce kawai, jakuna ma inuwa suke nema.”

Na dube shi, na dubi ruwan da yake zuba daga indararo a bayansa. Na ce, “Ɗana, ƙaryar da ake yi wa majinyaci na san ta. Ni ma na yi wa mijina ita, na ce masa ya yi ƙiba ana gobe zai mutu. Sama ɗaya ce. Ku tafi, na gode da tattaki.”

Ya rantse, Alhaji ya rantse. Na juya musu baya.

A cikin wannan hali wata maƙwabciya ta kawo mini wani mutum mai farin kwat da takalmi mai tsini, wai annabi ne, wai guragu suna tashi a wurinsa. Kaneng tana kasuwa. Ya dubi kazar ya ce wannan aikin duhu ne, shi ya sa ban warke ba. Ya ce Allahnsa ba na jira ba ne, na yanzu-yanzu ne. Ku ji fa, abin da kunnena yake ƙishirwa ke nan. Ya ce in ba da abin da ya fi mini wuyar bayarwa. Na kwance bakin zanena na ba shi kuɗin motar da na ƙulle don komawa gida. Ya zuba wani mai a kan tsumman, ya yi ta ihu da wani harshe har gumi ya jiƙa kwat ɗin, ya kama hannuwana ya ce in tashi in taka.

Na tashi. Na taka.

Da na farfaɗo, ba annabi, ba maƙwabciya, sai kaza tana kallona. An ce da ya ji ƙarar ƙashin, ko takalminsa bai tsaya ɗaurawa ba. Har yau in na ga farin kwat, sai in ji ƙafar tana zugi. In yana raye, Allah ya gafarta masa, amma ya fara biyan tsofaffin da ya karya.

Malam Audu ya zo da kansa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya kwance, ya duba, ya girgiza kai, ya ce, “Kin mayar da mu ranar farko.” Ya sake ja. A ranar kuma kazar ta fara dogara ƙafarta tana zagaya ɗaki. Na ce a fitar mini da ita kafin in murɗe mata wuya.

Daga nan na daina cin abinci. Kaneng takan dawo daga kasuwa a gajiye, ta dafa, ta aje, ta ɗauke da sanyi. Wata rana da yamma ta zauna a bakin gado da kwanon gwate. Na ce in haƙuri za ta ba ni, ta tashi.

“Ni ban ce maka ka yi haƙuri ba. Na ce ka ci abinci.”

Sannan ta ce, “Maigidana ya fita ranar da gari ya rikice, ya ce zai ɗauko kayan shago. Ban ga shi ba, ban ga gawa ba. Na je asibiti, na je barikin soja, na je inda ake binne mutane da yawa. Har yau ban san ko ni matar aure ne ko gwauruwa ba. Kullum ina tambayar Allah, bai ce komai ba. To in na ƙi ci, zai yi magana ne? Buɗe baki.”

Watanni muna ɗaki ɗaya, ban taɓa tambayar ta ina mijinta ba, ina ta kukan gonata. Na buɗe baki. Ita ce kaɗai a duk garin da ta isa ta ba ni cokali.

Amma gonar na fidda rai. Na ce da Ubangiji, ka ba Tanko, to ka ba shi, sai dai jikokin nan kai za ka ciyar da su, ni na gama. Na ce da Kaneng ta jawo buhun ta surfa mana, mu sha fura mu more, tun da lokacin shuka ya wuce, iri ya zama abinci.

Ta ce, “Ba zan taɓa ba.”

“Gerona ne ko naki?”

“Naka ne. In ka iya tashi, ka zo ka daka.”

Washegari ta sa aka ɗauke buhun aka kai rumfar Alhaji Sale, inda hannuna ba zai kai ba. Na zage ta da Hausar da ba ta taɓa ji ba. Ta ce in maimaita a hankali tana son ta koya.

Sai da duwatsun Jos suka yi kore shar, masara ta kai ƙugu a bayan gidaje, sannan Malam Audu ya kwance kararen ya ba ni sanda. Bai karɓi komai ba, ya ce kazar ma in tafi da ita. Na bar wa Kaneng. Kuɗin mota kuwa annabi ya tafi da su, sai Alhaji Sale ya ce Ɗan'asabe zai yi lodin dankali zuwa iyaka, in zauna a gaba. Ya cika mini buhun da mudun da ya rage, ya ce kada in gaya wa fasto. Ni dai tafiya zan yi in ga jikokina, in kalli geron Tanko a gonata, in ci nawa a tukunya.

Muka gangaro daga kan dutse, ko'ina kore. Kafin Zariya shuka ta gajarta. Bayan Kano sai na ga gero bai wuce tafin hannu ba. Na ce a raina, malalata ne mutanen nan. Da muka wuce Katsina, koren ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Jar ƙasa, iska mai zafi, awaki suna cin takarda. A gonakin bakin hanya ga layukan shuka nan a jere, amma abin da ke cikinsu ya bushe ya zama kamar gashin masara.

Ɗan'asabe ya dube ni ta gefen ido. “Inna, har yanzu ƙaryar majinyaci ce?”

Na ce, “Tuƙa motarka.”

A gida na iske jikokina sun rame, amma da ransu. Maƙwabta suka ba ni labari. Ruwa ɗaya aka yi, makonni da suka wuce, mai ƙarfi, kowa ya ce damina ce. Duk wanda ya roƙo iri ko ya sayar da akuya ya saya, ya kwashe ya zuba a ƙasa. Tanko ya shuka tasa, ya shuka tawa, kamar yadda dattawa suka ba shi dama. Geron ya tsiro gwanin kyau. Daga nan sama ta rufe bakinta, rana ta ƙone shi ƙurmus. Yanzu hadari yana ta haɗuwa a gabas, amma duk ƙauyen babu mai tafi ɗaya na iri.

Ban aika a kira Tanko ba. Na zauna a ƙofar ɗakina na miƙe ƙafa a kan buhu. Kafin la'asar sai ga shi, ya tsuguna daga nesa, ya yi mini sannu da hanya, ya yi mini jajen ƙafa, ya yi ta jan gaisuwa.

“Yaya, an ce kin zo da iri.”

“An faɗi gaskiya.”

“Yara sun yi yawa a gidana, Yaya.”

“Na san yawansu, ni na yanke wa rabinsu cibiya. Tafi ka kira dattawan da suka zauna wancan karon. A gabansu za ka faɗi ta wa ce gonar jigawa, ba bana kaɗai ba, har jikokin jikokina. In ka faɗa, ka zo da ƙwarya.”

Ya faɗa, a gaban kowa, da muryar da ta fi ta sauro kaɗan. Na sa ya maimaita saboda kunnen tsofaffi. Na auna masa, na auna wa maƙwabtan da suka riƙe mini yara, na bar abin da zai ishi gonata. Ba a yi mako ba ruwan gaskiya ya sauka. Babban jikana yana sara da sungumi, ni ina bin sa da sanda ina jefa iri, ƙaramar tana rufewa da diddige domin tawa ƙafar ba ta iya ba.

Na san abin da za a ce, kuma ni ma na faɗa wa kaina. Da ƙafata lafiya, da na iso gida tun ranar ruwan Jos, na zauna da irina, ruwan ƙaryar nan ya sauka, in riga kowa fita. Da gumina na rani duka ya ƙone tare da na Tanko, mu zauna mu biyu muna kallon gona babu mai abin zubawa. Na sani. Na durƙusa a kan gwiwa ɗaya a tsakiyar gonar na gode masa, kuma da zuciya ɗaya na gode.

Amma ban tashi ba sai da na tambaye shi: Ubangiji, duk hikimarka, ba ka da wata hanyar tsayar da tsohuwa sai ka karya ta, har sau biyu? Bai ba ni amsa ba tukuna. Ina nan, ina jira.